Kula da Jadawalin Suwic da Kwanturola a Netwok Mai Aiki da OpenFlow

Suwic na gargajiya shi ne wuƙa shi ne nama. Fakiti ya shigo ta wata ƙofa, shi zai duba adireshi, shi zai tuna inda ya taɓa ganin mai adireshin, shi zai yanke ta inda za a fitar da shi. Abin da Martin Casado ya fara a Jami'ar Stanford da aikinsa mai suna Ethane a 2007, tare da Nick McKeown da Scott Shenker, shi ne raba aikin nan gida biyu. Tunani ya koma wata manhaja da ke zaune a kan saba, wadda ake kira kwanturola, suwic kuwa aka bar masa aiwatarwa kawai. Harshen da suke magana da juna shi ne OpenFlow, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a Disambar 2009, ta 1.3 kuma a 2012, kuma ita ce har yau aka fi samu a kan na'urori. Google ta nuna wa duniya cewa abin ba wasan ɗakin gwaji ba ne da ta bayyana a 2013 yadda take tafiyar da B4, netwok ɗin da ya haɗa cibiyoyinta na ajiyar bayanai, da wannan tsari.

Wanda aka damƙa wa irin wannan netwok yakan ƙura wa allon kwanturola ido, domin nan ne ake ganin zane mai kyau da layuka koraye. To amma fakiti ba ya bi ta allon. Abin da ke rubuce a jadawalin suwic shi yake bi, ko da kwanturola na zaton wani abu daban ne a ciki. Saboda haka da jadawalin za mu fara, da hannu, kafin mu jona kowane kwanturola.

Wurin gwaji

Ba sai ka sayi ƙarfe ba. Kwamfuta mai Linux ta wadatar, a saka mata Mininet da Open vSwitch. Wannan umarnin zai ƙirƙiro suwic guda mai suna s1 da kwamfutoci uku, masu adireshi 10.0.0.1 zuwa 10.0.0.3, a ƙofa ta 1 da ta 2 da ta 3:

sudo mn --topo single,3 --mac --switch ovsk,protocols=OpenFlow13 --controller none

Rubuta pingall. Babu wanda zai amsa, kuma haka ya kamata. Buɗe wata taga ka leƙa jadawalin:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 dump-flows s1

Fayau yake. Wannan umarnin shi ne abokin aikinka na kullum, kuma kada ka manta da -O OpenFlow13 ɗin nan, don idan ka bar shi ovs-ofctl zai yi wa suwic magana da siga ta 1.0, su kasa fahimtar juna, ka zauna kana zargin abin da ba shi da laifi.

Abin da ke cikin ƙa'ida ɗaya

Kowane layi a jadawalin ƙa'ida ce, kuma tana da sharaɗi, da daraja, da hukunci. Sharaɗi shi ne siffar fakitin da ake nufi: ƙofar da ya shigo, adireshin MAC, lambar VLAN, adireshin IP, lambar ƙofar TCP, da sauransu. Duk abin da ba ka ambata ba, an yarda da ko mene ne. Hukunci shi ne abin da za a yi da fakitin: a fitar da shi ta ƙofa kaza, a jefar da shi, a sauya masa adireshi, a miƙa shi ga kwanturola, ko a tura shi jadawali na gaba. Daraja kuwa lamba ce daga 0 zuwa 65535. Suwic kamar mai gadi ne da aka ba takardar umarni: yana dubawa daga mafi girman daraja, ƙa'idar farko da ta dace da baƙon ita zai zartar, sauran ko kallonsu ba zai yi ba. Bayan waɗannan uku akwai ƙidayar fakitoci da bayit, da wa'adi iri biyu, da tambari, waɗanda za mu zo kansu.

Mu ba kwamfuta ta 1 da ta 2 damar magana:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 add-flow s1 "priority=200,ip,nw_dst=10.0.0.1,actions=output:1"

ovs-ofctl -O OpenFlow13 add-flow s1 "priority=200,ip,nw_dst=10.0.0.2,actions=output:2"

Gwada ping. Har yanzu shiru. Dalili shi ne kafin kwamfuta ta aika fakitin IP sai ta yi cigiyar adireshin MAC na abokiyarta ta hanyar ARP, shi kuma ARP ba IP ba ne, lambar nau'insa 0x0806, ta IP kuwa 0x0800. Ba mu ba shi hanya ba. Ƙara wannan, ping zai wuce:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 add-flow s1 "priority=100,arp,actions=flood"

Sake duba jadawalin za ka ga n_packets na kowace ƙa'ida yana hawa. Ƙidayar nan ita ce shaidar farko a duk wani bincike. Ƙa'idar da ƙidayarta ta tsaya a sifili, ko dai sharaɗinta bai dace da abin da ke wucewa ba, ko wata mai daraja sama da ita ta tare mata fakitocin.

Akwai wani rami da kusan kowane sabon hannu ke faɗawa. Ka lura mun rubuta ip kafin nw_dst. Idan ka cire shi, ovs-ofctl ba zai ƙi ba. Zai ɗan yi gargaɗi mai kalmar normalization, ya watsar da sharaɗin adireshin gaba ɗaya, ya saka ƙa'idar da ta dace da kowane fakiti. In hukuncin drop ne, ka rufe suwic ɗin baki ɗaya da niyyar toshe mutum guda. Haka tp_dst yake buƙatar a fara cewa tcp ko udp. Idan daga kwanturola ƙa'idar ta zo da irin wannan giɓi, suwic zai mayar da saƙon kuskure, sai dai manhajoji da dama ba sa nuna maka shi sai ka nema a cikin rajistarsu.

Maganar daraja

Idan ba ka rubuta daraja ba, ovs-ofctl zai ba ƙa'idar 32768, wadda za ta danne duk ƴan 100 da 200 ɗin da ka tsara. Kada ka taɓa barin ta babu lamba. Sannan ƙa'idoji biyu masu daraja ɗaya waɗanda fakiti guda zai iya dacewa da dukkansu, tsarin OpenFlow bai ce ga wadda za ta yi nasara ba. Yau wannan ce, gobe bayan an sake kunna suwic waccan ce. Akwai tuta mai suna check_overlap da ke sa suwic ya ƙi karɓar irin wannan, kuma ta cancanci a riƙa amfani da ita lokacin gwaji. In kuwa sharaɗi da daraja duk iri ɗaya ne sak, sabuwar za ta maye gurbin tsohuwar ba tare da ta ce uffan ba.

Abin da ya fi sauƙin kulawa shi ne a raba darajoji rukuni-rukuni tun daga farko, a rubuta rabon a inda duk ma'aikata za su gani. Misali tsaro ya riƙe daga 40000 zuwa sama, hanyoyin da aka tsara 20000 zuwa 30000, waɗanda kwanturola ke koya da kansa ƙasa da 10000. A bar tazara tsakanin lambobi. Wanda ya jera 1, 2, 3, ranar da ya buƙaci cusa wata tsakanin 2 da 3 sai ya rushe komai ya sake.

Daraja 0 da sharaɗi babu komai ita ce makomar fakitin da bai dace da kowa ba. A siga ta 1.0, irin wannan fakitin kai tsaye ake miƙa shi ga kwanturola. A 1.3 aka juya lamarin: idan babu wannan ƙa'ida ta ƙarshe, jefar da shi ake yi. Wannan sauyi kaɗai ya cinye wa mutane da yawa dare, suna ganin kwanturola ya haɗu lafiya amma ko fakiti ɗaya bai iso masa ba. Ga yadda ake saka ta:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 add-flow s1 "priority=0,actions=controller"

Kowace ƙa'ida da wa'adinta da mai ita

Wa'adi na farko, idle_timeout, yana goge ƙa'ida idan ta yi daƙiƙa kaza babu fakitin da ya taɓa ta. Na biyu, hard_timeout, yana goge ta idan lokacin ya cika, ana amfani da ita ko ba a yi. Sifili na nufin har abada, kuma shi ne abin da ake samu in ba a rubuta komai ba.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. A ce kwanturola ya koyi cewa wata kwamfuta tana ƙofa ta 2, ya saka ƙa'ida mai idle_timeout na daƙiƙa 60. Sai aka zare wayarta aka mayar da ita ƙofa ta 7. Masu nemanta suna ta aiko da fakitoci, kowane fakiti yana taɓa tsohuwar ƙa'idar yana sabunta mata rai, ita kuma tana ta zuba su a ƙofar da babu kowa. Wa'adin zaman banza ba zai taɓa cika ba muddin ana neman ta. Maganinsa a haɗa da hard_timeout, ko a sa kwanturola ya riƙa sauraron saƙon da suwic ke aikowa idan ƙofa ta mutu, ya share duk ƙa'idar da ke fitarwa ta nan. Manhajar koyo ta Ryu mai suna simple_switch_13, wadda ɗalibai da yawa ke kwafa, ba ta saka wa'adi ko ɗaya. Don koyo aka yi ta, bai kamata a ɗauke ta yadda take a ɗora wa ofis ba.

Tambari kuwa, wato cookie a cikin umarni, lamba ce mai bit 64 da suwic bai damu da ita ba, ajiye maka kawai yake yi. Amfaninta sanin mai ƙa'ida. Ba wa ƙa'idojin tsaro 0x10, na hanyoyi 0x20, na gwajin da kake yi da hannu 0x99. Ranar shara sai ka ce:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 del-flows s1 "cookie=0x99/-1"

naka kaɗai za su tafi. Wannan ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan gogewa da sharaɗi, domin del-flows faɗi gare shi: ka ce masa ip, zai kwashe duk ƙa'idar da ta shafi IP, kowace daraja. Ka kira shi babu sharaɗi, ya wanke jadawalin tas. Idan ƙa'ida guda kake nufi, sa --strict ka kuma faɗi darajarta.

Jadawali fiye da ɗaya

Tun siga ta 1.1 a 2011 ake iya jera jadawalai. Fakiti kullum daga jadawali na 0 yake farawa, kuma goto_table gaba kawai yake turawa, ba ya komawa baya. Amfanin abin a lissafi yake. In kana da adireshi 100 da dokokin tsaro 50 a jadawali guda, kana iya buƙatar haɗa kowane da kowane, ƙa'idoji 5,000 ke nan. Raba su biyu, tsaro a na 0, isarwa a na 1, sun zama 150. Sai dai kowane jadawali yana buƙatar tasa ƙa'idar ta daraja 0, in ba haka ba fakiti zai tsallake na farko lafiya ya je ya mutu a na biyu.

Wannan tsimi ba kwalliya ba ne ga mai suwic na ƙarfe. Irin ƙwaƙwalwar da ke iya duba sharuɗɗa masu faɗi cikin sauri, TCAM, tana da tsada da cin wuta, kuma a na'urori da yawa ƴan dubbai kawai take ɗauka. Open vSwitch a kan saba yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin haka, shi ya sa tsarin da ya yi lafiya a Mininet kan shaƙe ranar da aka kai shi kan ƙarfe. Nemi takardun na'urarka ka ga jadawalai nawa take da su da sharuɗɗan da kowanne ke karɓa, tun kafin ka rubuta layi ɗaya.

Idan jadawalai sun yi yawa har ido ya kasa bi, akwai umarnin da zai ɗauki fakitin ƙarya ya bi da shi mataki-mataki, ya nuna maka kowace ƙa'ida da ya taka da inda ya ƙare:

ovs-appctl ofproto/trace s1 in_port=3,tcp,nw_src=10.0.0.3,nw_dst=10.0.0.2,tcp_dst=22

Jona kwanturola

Zaɓi yana da yawa. POX da Ryu da Python aka rubuta su, sun dace da koyo. Ryu daga kamfanin NTT na Japan ya fito, kuma da aikinsa ya ja baya mutanen OpenStack suka ci gaba da reshensa mai suna os-ken. OpenDaylight na 2013 da ONOS na 2014 manya ne, na Java, masu son ƙwaƙwalwa. Faucet, wanda ya taso daga New Zealand, fayil ɗin YAML kake rubuta masa ya juya shi zuwa ƙa'idoji, kuma ga makaranta ko ofis mai son VLAN da tsaro ba tare da rubuta manhaja ba, shi zan fara dubawa. Ko wanne ka zaɓa, ga yadda ake jona shi:

ovs-vsctl set-controller s1 tcp:127.0.0.1:6653

Lambar ƙofa ta hukuma 6653 ce tun 2013, amma tsofaffin manhajoji na sauraro a 6633. In ovs-vsctl show bai nuna is_connected: true ba, fara da wannan, sannan ka duba ko sigar OpenFlow ta ɓangarorin biyu ta zo ɗaya. Ka kuma sani cewa lokacin da ka jona kwanturola na farko, Open vSwitch zai share duk ƙa'idojin da ka saka da hannu. Kada ka yi wannan da rana tsaka a kan suwic mai ɗauke da aikin jama'a.

Daga nan jadawalin ya zama na kwanturola. ONOS, alal misali, yana tambayar suwic lokaci-lokaci, duk ƙa'idar da ya gani wadda ba shi ya saka ba sai ya cire ta. Ka saka gyara da hannu, ya yi aiki, jim kaɗan ya ɓace. Gyaran dindindin ta kwanturola ake shigar da shi.

Kwanturola na iya aiki ta hanya biyu: ya jira fakitin farko ya zo masa sannan ya saka ƙa'ida, ko ya shimfiɗa ƙa'idoji tun kafin kowa ya yi motsi. Ta farko tana da daɗin nunawa a aji. A wurin aiki kuwa kowace sabuwar hira sai ta jira an je an dawo, kuma kwamfuta ɗaya mai cuta da ke lalube dubban adireshi ta isa ta nutsar da kwanturola da tambayoyi ta kuma cika jadawali. Ra'ayina, duk abin da aka sani tun farko a shimfiɗa shi tun farko, a bar wa hanyar jira abin da ba makawa, kamar koyon sabon adireshin MAC. Ko shi ma a sa masa linzami da controller_rate_limit, ko da mita a siga ta 1.3.

In kai ke rubuta manhajar, abu biyu. Suwic ba dole ne ya aiwatar da saƙonni a jeren da ka aiko su ba, don haka inda jere ke da muhimmanci sai a raba su da saƙon barrier a jira amsarsa. Sannan hanyar da ta ratsa suwic da yawa daga ƙarshenta ake fara shimfiɗa ta a dawo farko, don kada fakiti ya shiga hanyar da ba a gama ba.

Ranar da kwanturola ya faɗi

Zai faɗi. Saba kan mutu, waya kan tsinke, a wurin da wuta ba ta da tabbas kuwa ba sai an faɗa ba. Abin da suwic zai yi a ranar, kai ne za ka zaɓa tun yau. Open vSwitch yana taɓa kwanturola duk bayan daƙiƙa 5 na shiru, in ya kai ninki uku na haka, wajen daƙiƙa 15, bai ji komai ba, sai ya duba yanayin da aka sa shi. A yanayin standalone, wanda shi ne na asali in ba a ce komai ba, zai rikiɗe ya zama suwic na gargajiya mai koyon adireshi. Sadarwa za ta ci gaba, amma duk wanda ka toshe ya samu hanya, kuma idan wayoyinka sun yi da'ira, fakitocin shela za su yi ta zagayawa har netwok ya durƙushe. A yanayin secure zai riƙe jadawalin yadda yake, ƙa'idoji na aiki har wa'adinsu ya cika, sabuwa dai ba za ta shigo ba.

ovs-vsctl set-fail-mode s1 secure

Mininet da kansa yake sa secure, shi ya sa mutum kan saba da shi a gwaji ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Ga netwok mai hanyoyi fiye da ɗaya ko mai dokokin tsaro, secure ne zaɓi. Amma ka ga yadda ya haɗu da maganar wa'adi: idan duk ƙa'idojinka masu hard_timeout na daƙiƙa 30 ne, rabin minti bayan faɗuwar kwanturola jadawalin ya zama fayau. Ƙashin bayan netwok, wato hanyar zuwa rawuta da DNS da DHCP, a bar shi babu wa'adi. Tsinkewar waya kuma ana iya barin suwic ya magance ta da kansa ta rukunin fast failover, inda ake jera masa ƙofofi ya yi amfani da ta farkon da ke raye, ba tare da tambayar kowa ba.

Ana iya ba suwic kwanturola fiye da ɗaya. Tun siga ta 1.2 kowanne yana da matsayi: master mai rubutu, slave mai kallo kawai, ko equal. Da equal kowa ke farawa, ma'ana in ka jona biyu da ba su san juna ba, dukkansu za su yi ta rubutu a jadawali guda, wannan ya saka wancan ya goge. ONOS da OpenDaylight suna daidaita kansu da tsarin Raft, mai buƙatar rinjaye. Saba biyu ba su da rinjaye idan ɗaya ta faɗi, uku kuwa suna jure rashin ɗaya. Don haka uku ake sakawa, kuma ba a kan soket ɗaya ba.

Hanyar da suwic ke bi ya isa kwanturola ita ma abin kula ce. In da hali a ware mata waya da ƙofa tata. Idan ta cikin netwok ɗin da ake sarrafawa take bi, ƙa'ida guda mara kyau na iya yanke ka daga suwic ɗin da kake son gyarawa. Open vSwitch yana saka wasu ɓoyayyun ƙa'idoji don kare wannan hanya, waɗanda dump-flows ba ya nunawa, sai ovs-appctl bridge/dump-flows. Sannan tcp a fili na ɗakin gwaji ne. Duk wanda ya iya shiga tsakani ya mallaki jadawalinka, saboda haka a wurin aiki ssl ake sakawa da takardun shaida a ɓangarorin biyu.

Ajiya

Ƙofofi da adireshin kwanturola suna cikin rumbun OVSDB, suna tsira idan an sake kunna na'ura. Ƙa'idoji ba sa ciki, a ƙwaƙwalwa kawai suke. Idan da hannu kake tafiyar da suwic, rubuta ƙa'idojin a fayil, layi ɗaya ƙa'ida ɗaya, ka ajiye shi a Git. Kafin kowane sauyi, kwatanta fayil da abin da ke kan suwic:

ovs-ofctl -O OpenFlow13 diff-flows s1 dokoki.txt

In bambancin shi ne wanda kake nufi, replace-flows zai taɓa abin da ya sauya kaɗai ya bar sauran da ƙidayarsu. A suwic ɗin da aka kunna wa siga ta 1.4, ƙara --bundle yana sa sauyin ya shiga gaba ɗaya ko ya fasa gaba ɗaya, babu tsayawa a rabi. Idan kwanturola ne mai jadawalin, fayil ɗin saitinsa shi ake ajiyewa, amma duk da haka a riƙa ɗaukar dump-flows na kowane suwic a lokacin da komai ke lafiya, da kwanan wata a sunan fayil, domin diff-flows yana karɓar fayil biyu kamar yadda yake karɓar suwic da fayil.